Ruwan Ido a Southampton

Glenys ta baje takardun talla a teburin kicin,
ta danne su da butar shayi kada iskar taga ta kwashe.
Guda uku. Ta ce in zaɓa.
Ni da na shekara arba'in da ɗaya
ina cafe igiyar jiragen nan a bakin tasha,
ban taɓa taka ko matakalar farko ba.

Na farko unguwa ce guda aka ɗora kan ruwa,
bene kan bene, da wurin sulɓin yara a can ƙoli,
ihunsu har cikin hoto kana ji.
Ta ce, "Wannan da sauƙi, Wilf."
Na ce araha ba ta ado.
Ta ce, "Kai ma ba ka yi, ga ni kuwa zaune da kai."

Na biyu baƙin ciki gare shi,
ba na zuciya ba, na fenti.
Can ba a cin abincin dare sai da kwat,
sai ka shaƙe wuyanka da ƙyalle.
Kwat ɗina tun bikin Rhiannon ya yi rantsuwa
shi da tumbina ba su ƙara gaisawa.

Na uku arewa ya nufa, Norway,
inda ruwa ke kutsawa tsakanin duwatsu
kamar zare a kafar allura.
Ba ganga, ba rawa. Masu furfura da barguna.

Ta sa tabarau ta bi ƙananan rubutun ƙasa,
can inda macijin yake kwance:
kuɗin hidima daban, abin sha daban,
ɗaki mai baranda ninki biyu,
ɗaki marar taga kamar akwatin ashana.
Fensirinta ya ci bayan ambulan uku.
Philippa ta maƙwabta ta rantse da girkin na biyu,
surukinmu ya ce na farko ko a fasa.
Kwana tara muna ruwan ido,
shayi na hucewa, lissafi ba ya hucewa.

Daren na goma na ce mata, ajiye fensirin.
Ke kin san su ta sama, ni ta ƙasa na san su.
Na farkon nan, igiya suke wurgowa ba su duba ba,
sau biyu ta kusa tafiya da haƙorina.
Mai baƙin fenti, hafsansa na tsaye da farin safar hannu,
sannu ɗaya ban taɓa samu ba.
Amma na ukun akwai Renato, mutumin Cebu,
duk Asabar ta biyu,
igiyarsa a tafin hannuna take sauka
kamar ya aiko ta da suna.
Wata asubar Disamba, yatsuna sun daskare,
ya zuro mini burodi mai zafi a leda.
Ban san ko yana nan ba har yau.
Ina so in ga inda igiyar take fitowa.

Ta yi shiru. Ta cire tabarau.
"Fam dubu biyu," ta ce, "saboda burodi ɗaya."
Na ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ta kira lambar da safe.
Ba baranda. Ɗaki can ƙasa, ta wajen goshin jirgi,
taga zagayayya kamar faranti,
dab da inda ake naɗe igiyoyi.
Matar ofis ta ce wurin akwai ƙara da asuba.
Glenys ta ce, "Shi ya sa."

Saura mako shida.
Ita tana ta saƙa hula,
ni ina tunanin yaron da ya gaji wurina, Callum,
da mugun halinsa na naɗa igiya a wuyan hannu.
In na leƙo daga sama na gan shi yana yi,
duk jirgin zai ji muryata.